Zanen da Ba na Ɗaurawa Ba

An cire sunana daga ajin zane, kuma ba a yi mini adalci ba. Na faɗa a lokacin, a gaban wanda ya cire ɗin, yanzu ma ga shi ina rubutawa da hannuna. Malamin yana nan da ransa. Mukan haɗu a bakin titi mu gaisa, har ya taɓa aiko mini da aiki, amma gaisuwar ba ta canza maganar ba. Yau ina da teburina, mutane suna zuwa daga Darmanawa da Ƙauyen Alu in yanka musu rubutun shago da na buhu. Wannan ma bai wanke abin da aka yi mini ba. Sai dai tunda na ce gaskiya zan faɗa, dole in yarda ni ma ba da sani na shiga ajin ba. Kuskuren karatu ne ya kai ni.

Ban yi boko ina yarinya ba. Allo na yi. Sai da na haura arba'in, na aurar da 'ya'ya biyu, sannan na shiga makarantar yaƙi da jahilci ta mata a nan Gyaɗi-Gyaɗi. Abin da ya kai ni bai wuce waya ba. Sana'ata ƙunshi ce, amare da 'yan biki sukan turo saƙo su kama rana, ni kuwa sai in bi gida ina neman wanda zai karanta mini. Wata rana aka karanta mini Asabar a matsayin Lahadi, amarya ta zo ta tarar na tafi unguwa. Satin na sayi littafi.

Da karatun ya fara zama, sai na zama fitina. Ba allon shago, ba bayan adaidaita sahu, ba kwalin ashana, komai na gani sai na tsaya na haɗa baƙaƙensa a fili. Maigidana Alhaji tsohon direba ne, ya ajiye tuƙi saboda ciwon baya. Shi ya laƙaba mini 'yar makaranta. In mun fita tare yakan ce, "'Yar makaranta, in kin gama karanta titin, ki same ni a gida."

Wata Talata ina dawowa daga cefane na ga takarda manne a bangon wani bene kusa da titin gidan zu. An rubuta da manyan baƙaƙe: ANA KOYAR DA ZANE. MAZA DA MATA. Na karanta sau uku, ban nemi kowa ba. To ni zane a wurina shi ne abin da nake ɗaurawa tun ina budurwa. Na ɗauka rini za a koyar, ko yadda ake buga fulawa a jikin yadi. Na koma gida na faɗa wa Alhaji, ya ce Allah ya taimaka. Ranar da aka sa, na sayi farin yadi, na ninke a leda, na hau benen.

Na tarar da ɗaki cike da samari da 'yan mata sa'annin 'ya'yana, kowa da faffaɗar takarda da fensir. Babu baho, babu tukunyar rini, babu ko igiyar shanya. Malamin yana tsaye a bakin allo, matashi ne mai gilashi, rigarsa ta sha guga.

Ya ce, "Inna, wa kike nema?"

"Ajin zane."

"Ɗanki ne zai shiga?"

"Ni ce zan shiga. Ga ma zanen na zo da shi."

Na buɗe ledar na warware yadin. Sai wata yarinya ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta suna rawa. Daga nan kowa ya saki dariyarsa.

Malam ya danne tasa ya ce, "Inna, zanen takarda ne. Ba na ɗaurawa ba."

"To ai ba ku rubuta na takarda ba."

"Ai an sani."

"Ni ban sani ba, kuma ni ce na karanta."

Wani saurayi daga baya ya ce, "Inna, akwai ma zane na uku, na bulala."

Na ce, "Wannan shi na fi iyawa. 'Ya'ya shida na raina. In kana son darasi ka matso."

Dariyar ta koma kansa, ni kuwa na ja kujera na zauna.

Me ya zaunar da ni? Da farko girman kai ne, ba zan ɓoye ba. Abu na farko ke nan da na karanta da kaina na yi aiki da shi, ba zan koma in ce wa Alhaji karatuna ya yi mini ƙarya ba. Amma akwai na biyu. A bangon ajin an manna takardun sabulu, da na man shafawa, da katin biki, Malam yana bayanin cewa kowanne wani ne ya zauna ya tsara shi, ya zaɓi kala, ya zaɓi inda suna zai zauna. Ni ban taɓa tunanin haka ba. Na ɗauka da rubutunsa ake haifar gwangwanin madara. Na zauna ina kallon bangon ina cewa a raina, ashe wannan ma aikin hannu ne. Yadin kuwa na yi rigunan filo da shi a satin.

Malam yana da tsari, kuma ba ya tsallake shi. Layi tukuna, sannan da'ira, sannan baƙaƙe, sannan kala, kwamfuta a ƙarshe. Sati guda cur muna jan layi da rula. Yaran suna ja suna hira, ni ina ja ina gumi. Hannuna ya saba da aiki mai nauyi, in na kama fensir sai in danna har bakinsa ya karye, ko takardar ta huje.

"Inna, fensir ne fa, ba muciya ba," in ji Malam.

"Muciya ba ta taɓa karye mini ba."

Ba mugu ba ne, wannan zan ba shi. Yakan tsaya a kaina ya gyara mini riƙo, ya fiƙe mini fensir da kansa. Sai dai tun sati na uku na lura ya gama yanke hukunci. Wata rana ya ɗaga da'irata, wadda ta fi kama da ƙwan agwagwa, ya ce a hankali, "Shi hannu yana da lokacinsa, Inna. In ya riga ya bushe, sai haƙuri." Aka tashi na fito. Na dai duba hannun nawa a cikin adaidaita har muka iso gida.

Da aka yi rabin zango, sai ya sanar da mu cewa kwamfutocin ba su da yawa, ba kowa ne zai wuce ɗaki na biyu ba. Jarrabawar guda ɗaya ce. Kowa ya nemi mai sana'a na gaske, ya tsara masa sitikar da zai manna a jikin kayansa, kuma mai kayan ya zo da bakinsa ya ce ya yarda. Wanda ya cika wannan ya wuce. Na sa shi ya maimaita, na rubuta a littafina. Ina son kujerar nan. A lokacin na riga na daina zuwa don kunyar Alhaji, don kaina nake zuwa.

Ban yi nisa wajen neman mai sana'a ba. Maƙwabciyata yaji take dakawa, mai citta da kanumfari da masoro, tana zubawa a 'yan robobi marasa ko ɗigon rubutu. Mun yi shekara ashirin katanga ɗaya, mun yi faɗa mun shirya ba adadi. Da na faɗa mata ta ce, "To, ke dai kada ki zana mini barkono ya fito kamar ɓera."

Kamar ta yi mini baki. Kwana huɗu ina fama da fensir, duk barkonon da na zana sai ya fito da jela. Baƙaƙen kuma suna gangarowa kamar za su faɗo daga takardar. Ta leƙo ta katanga ta gani ta ce, "Wannan in na manna, sai a zaci maganin ɓera nake sayarwa."

Ranar Alhamis da hantsi ta shigo in yi mata ƙunshi, za ta sunan jikar yayarta. Na ture takardun gefen tabarma, na ɗauko kayan aikina. Ga wanda bai san yadda muke jan lalle ba, ga shi. Salatif ake shimfiɗawa a kan gilashi, a yanka shi da reza, a fitar da ganye, da sarƙa, da 'yan kusurwoyi. Sai a ɗaga a manna a ƙafa, a shafe ko'ina da kwaɓaɓɓen lalle, a ɗaure. In ya kama aka kankare, aka ɓare salatif ɗin, inda ya rufe ya fito fari, sauran ya yi ja. Na fi shekara ashirin ina wannan. Ba na awo, ba na zana komai tukuna, reza ce kawai take tafiya.

Muna cikin hira ina shafa mata, ban lura ba ashe wani zirin salatif da na yanka ya faɗa kan ɗaya daga takardun ya manne. Na miƙa hannu zan ɗebo lalle, wani dunƙule ya suɓuce ya faɗa daidai wurin. Na ja tsaki, na murje shi da bayan cokali don kada a taka, na ci gaba da aikina. Takardar ai dama ta ɓera ce.

Sai bayan la'asar, da na kankare mata ƙafa ina tattara shara, na ɗaga takardar. Lallen ya bushe ya farfashe. Na karkaɗe, na ja bakin salatif ɗin don in yar. Sai ga jerin ganye fari tas, bakinsa kamar an yanka da wuƙa, a kan wani ja mai ɗan duhu. Kalar yajin nan ce sak.

Na daɗe ina kallo. Maƙwabciyata tana ɗaga ƙafa tana duba nata ƙunshin ta ce, "Me kika gani, kuɗi?"

Na miƙa mata. Ta juya shi sama da ƙasa ta ce, "Ke da kike wannan a ƙafar mutane, me ya kai ki wahala da fensir?"

Na karɓi takardar na sake dubawa. Ban taɓa haɗa su a raina ba. Ƙunshi a wurina aikin tsakar gida ne, zane kuwa na bene ne, na masu gilashi. Babu wanda ya taɓa ce mini abu ɗaya ne, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Kada a ɗauka daga nan komai ya tafi daidai. Na farko da na gwada da gangan, takardar ta jiƙe ta yamutse. Na koma kwali, irin wanda ake sakawa a cikin sabuwar shadda. Na biyu, da na zo ɓarewa salatif ya taso da fatar kwalin. Na zauna ina tunani, sai na manna shi a zanen jikina tukuna na ɗaga, ƙarfin gam ɗin ya ragu, sannan na kai shi kan kwali. Ya yi. Na uku lallen ya yi ruwa ya kutsa ta ƙarƙashi. Na huɗu ya yi tauri bai kama ba, na ƙara lemon tsami. Kowane ɓaci yana nuna mini abu guda, kuma ba na mantawa, don da hannuna na ɓata. Baƙaƙen da suka gagare ni da fensir, da reza suka miƙe tsaye. YAJI, huɗu ne kacal, na yanka su manya. Barkonon na yi masa yanka biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta baya, irin yadda nake fitar da ganye a dunduniya. Babu jela. Na bakwai shi na ɗauka.

Ranar Litinin maƙwabciyata ta zumbula hijabi ta bi ni benen, tana haki tana cewa ita da ta san da matakala da ta aiko da saƙo. Yaran sun kawo nasu, wasu da kala har biyar. Da aka zo kaina na ajiye kwalin a teburin Malam. Ya ɗauka, ya kai kusa da gilashinsa, sai ya kai hanci.

"Da me kika yi wannan?"

"Lalle."

"Ina wanda kika fara zanawa da fensir?"

"Babu."

"Awon fa?"

"A ido."

Ya ɗauko rularsa ya ɗora a kan baƙaƙen, ya auna na farko, ya auna na ƙarshe. Ya sake aunawa. Yaran sun taso sun kewaye teburin. Saurayin nan mai maganar bulala ya ce, "Malam, wallahi daga ƙofa ana karanta na Inna. Nawa sai an matso."

Malam ya ajiye rular ya ce, "Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Amma ba abin da na koyar ba ne."

Na buɗe littafina na nuna masa. "Ka ce mai kaya ya zo ya ce ya yarda. Ga ta."

Maƙwabciyata ta ce, "Na yarda, Malam. Ni har na faɗa wa mutane yajina ya kusa yin riga."

Ya cire gilashin ya goge. "Inna, kwamfuta ba ta san reza ba. Turanci ne a cikinta daga sama har ƙasa. In na ba ki kujera, na hana wanda zai yi shekara talatin yana cin abinci da ita."

"Wato ni na kusa mutuwa."

"Ban ce haka ba."

"Ka ce. Ka dai auna shi da rula kafin ka faɗa."

Ranar Laraba aka manna sunayen a ƙofa. Na bi su da yatsa daga sama har ƙasa, na sake hawowa. Karatun da na sha wuya a kansa ya yi mini rana, don ba sai wani ya karanta mini yana sassauta murya ba. Ba na ciki. Na shiga na same shi shi kaɗai, na ce, "Malam, sharaɗi ɗaya ka kafa, na cika shi, ka ƙirƙiro na biyu bayan an gama. Wannan ba adalci ba ne. Da ka ce tun farko ba ka ɗaukar tsofaffi, da na san da wa nake." Ya tattara takardun gabansa. Can ya ce ko zan bar masa kwalin ya riƙa nuna wa 'yan aji na gaba. Na ce kwalin da bai isa ya ba ni kujera ba, bai isa ya zauna a ajin babu ni ba. Na ɗauki abina.

Ban yi kuka a hanya ba. Haushi ne ya cika ni, irin wanda yake sa mutum ya wuce layin gidansu bai sani ba. Sai da mai adaidaita ya ce, "Hajiya, ba nan kike sauka ba?"

Na tarar da Alhaji a tsakar gida bayan la'asar, ya jingina bayansa da filo yana jin rediyo. Ya dubi fuskata ya rage murya.

"'Yar makaranta, an kore ki ke nan."

"An cire ni. Kora daban."

"To, sannu. Mu ga abin da ya jawo."

Duk kwanakin nan bai taɓa cewa in nuna masa ba, ni ma ban nuna ba. Na miƙa masa kwalin. Ya riƙe shi nesa da ido, ya matso da shi, ya shafa bakin baƙaƙen da babban yatsa.

"Yanka kika yi, ba rubutawa ba?"

"Yanka."

"Ai wannan aikin masu rubutun mota ne."

Na ce wane masu rubutun mota. Ya gyara zama, don an zo fagensa. Ya ce duk lambar da nake karantawa a jikin adaidaita da bayan tifa, ba da hannu ake rubuta ta ba. Kwali ake yankawa da reza, a ɗora a jikin motar, a bi da soso da fenti, a ɗaga. Haka ake yi wa buhunan shinkafa da ƙofofin shaguna. Ya ce akwai wani dattijo a bayan kasuwar Tarauni, shi ya yi masa rubutun duk motar da ya taɓa ja. "Da can babu kamarsa. Yanzu ido ya fara yi masa gardama. Kwanaki na ga wata lamba da ya yanka, takwas ɗin kamar an taka ta. Yaransa kuma duk sun gudu sun koma kwamfuta."

"A ina yake a bayan kasuwar?"

Sai a lokacin ya gane inda maganar ta dosa. Ya ce, "A'a, ni labari nake ba ki. Wurin maza ne, ga warin fenti, ga direbobi da bakinsu."

"Direba nake aure shekara talatin, bakinsu ba baƙona ba ne."

"Ke dai ba a hira da ke."

"Alhaji, izini nake nema. Ka ba ni yanzu, ko in sake tambaya da safe?"

Ya ƙara muryar rediyon, ya rage. Ya sake duba kwalin. Ya ce, "In kin je ki ce ni na turo ki. Kuma ki gaishe shi da kyau, kada ki fara masa da faɗa. Ba shi ya cire ki ba."

Da gari ya waye na gama abin kari, na mayar wa maƙwabciyata robar da ta aiko mana da koko, na ce ta ƙara haƙuri da rigar yajin. Na sa sababbin reza guda biyu a jaka, da gilashina na yanka, da kwalin. Na hau adaidaita zuwa Tarauni. Rumfar ba ta yi wuyar samu ba, ƙasan wurin duk ɗigon fenti ne, rawaya da baƙi. Dattijon yana zaune a kan benci, ya kai wani kwali dab da hancinsa yana laluben layi da reza, wani direba yana tsaye a kansa yana duba agogo. Na yi sallama, na gaishe shi da kyau kamar yadda aka ce, na faɗi wanda ya turo ni.

Ya ce, "Madalla. Rubutu za a yi miki, Hajiya?"

Na ce, "A'a, Baba. Wace lamba ce wannan bawan Allah yake jira?"

Direban ya faɗa. Na ajiye jakata a ƙarshen bencin, na zauna, na ɓare takardar reza, na ce a miƙo mini kwali.